Takardun Da Na Cusa A Ramin Bulo

Gidan da muka fara haya a unguwar Gurda, a garin Sabha can ƙasar Larabawa, ba a yaɓe bangonsa da siminti ba. Bulo ne tsirara mai ramuka, ɗaki shida sun kewaye tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Dukanmu mutanen Nijar ne, in ban da wata Bakanuwa da mijinta. A ramukan nan ƙadangaru ke fakewa, a cikinsu kuma muke cusa takarda. Duk wanda ya tsinci takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai ya ɗauka, ya naɗe, ya tura ta rami, don kada a taka sunan Allah. Haka aka koya mana a Damagaram tun muna yara. A Sabha kuwa komai da Larabci ake rubuta shi, har takardar da ake naɗe burodi, don haka bangonmu kullum a cike yake.

A ɗakin bakin ƙofa akwai wani tsoho mutumin Maraɗi. Da can malamin makarantar boko ne, a nan kuma gadin wani sito yake yi. Shi ya ɗora wa kansa aikin kwashe takardun. Duk bayan 'yan makonni, ranar Juma'a da hantsi, sai ya bi bango da tsinke yana zaro su, ya ƙona a kasko, ya binne tokar a bayan gida inda ƙafa ba ta bi. Mukan sa masa albarka in mun wuce.

Ƙanena, autan mahaifiyarmu, ya riga ni zuwa Sabha da shekara biyu. Ɗan daudu ne. Na daɗe ban iya furta wannan ba, ko a zuci. Yana da rumfar abinci kusa da inda leburori ke tsayawa da safe suna jiran motar masu ɗaukar ma'aikata. Tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake, da taliyar Larabawa mai romon tumatir da yaji, duk hannunsa ya iya. Maigidana magini ne, ya hana shi shiga gidanmu in yana nan, amma da rana a rumfar tasa yake cin abinci, shi da sauran mazan gidan. Na taɓa yi masa maganar, ya ce ciki daban, zumunci daban.

Ni kaɗai a danginmu na san Auta yana ɗauke da cutar sida, wato ƙanjamau. A Agadas aka gwada shi, can kuma aka ɗora shi a kan magani, ƙwaya ɗaya kullum. Wani direba ke kawo masa kwalaben a cikin buhun kuka. A Sabha ba ya kusantar asibiti. Abin da kowane baƙo ya ɗauka shi ne, in aka ga wannan cuta a jininka, mota za a sa ka a mayar da kai ƙasarku, ba gadon asibiti ba.

Wata ranar Talata da hantsi, bayan maza sun fita, ya shigo da kwanon dambu a hannu.

"Yaya, kina nan kina fama da tsintsiya, ilimi yana ruɓewa a kanki?"

"Ka yi sallama dai kamar ɗan Musulmi."

"Salamu alaikum, uwar ɗakina, matar magini, mai takardar kolej."

Na ja shi ɗaki na saki labule. Ya zauna a tabarma, ya ciro wata farar kwalba daga aljihu ya girgiza ta kusa da kunnena.

"Kin ji ƙara? Da can ba ta ƙara, don a cike take."

Direban ya sayar da motarsa ya bar hanyar. Wata biyu ke nan ba abin da ya zo. Kuma ashe ba shi kaɗai ke shan abin da ke cikin kwalbar ba. Su bakwai ne, duk irinsa, duk masu cutar, suna raba abin da ya rage. Ɗaya daga cikinsu ya gani a waya cewa akwai wata ƙungiya a ƙasar Nasara da ke ba irinsu tallafi, a sayi magani, a biya mai kawowa. Sai dai a rubuta musu da Faransanci, a amsa tambayoyinsu. A cikin su bakwai ba wanda ya wuce aji uku.

Na ce masa to. Na ɗauko littafin rubutun 'yata na yage takarda, na rubuta Bismillahi da Larabci a sama, kamar yadda nake yi ko da jerin cefane zan rubuta. Na rubuta cewa mu baƙi ne, talakawa, marasa lafiya, nesa da gida. Na karanta masa ina fassarawa.

"Ina wurin da kika faɗi ko mu su wane ne?"

"Na faɗa mana. Marasa lafiya."

"Yaya, Nasaran nan ba sa ba mutum don yana ciwo. Kowane taimako da ƙofarsa. Wannan ƙofar ta irinmu ce. Rubuta: mu maza ne masu neman maza."

Na ajiye biron. Na ce masa ba da hannun da nake alwala da shi ba. Na ce masa shekara nawa ina rufa masa asiri a gaban mahaifiyarmu, ina ce mata sana'a ce kawai, yanzu kuma yana so in zauna in tona wa wasu arna da ban taɓa gani ba. Na ce masa abin da yake yi saɓo ne, ya sani, na sani.

Bai musa ba. Ya ce, "Na ji wa'azi. Wa'azin zai kai ni ƙarshen wata? Saura ƙwaya nawa kike tsammani?"

Na naɗe takardar farko na ajiye gefe. A ta biyu na yi ta kewaye-kewaye, na ce mutane ne da jama'a ba ta so, mutane masu wata irin rayuwa. Ya yi dariya har da tafa hannu irin tasu, ya ce ai ko ɓarayin awaki sai su shiga wannan layi. Na ji kamar in mare shi. A ta uku na rubuta kalmar. Na san ta da Faransanci, mun ji ta a kolej, muna rufe baki muna dariya. Ban taɓa tsammanin zan rubuta ta a kan ɗan cikin uwata ba.

Daga nan ya yi ta faɗa ina rubutawa, muryarsa ta sauya, babu karairaya. Ya ce in an doki ɗayansu ba ya iya zuwa wurin shurɗa, don 'yan sandan shi za su riƙe. Ya ce in ɗayansu ya kwanta, mai gidan haya waje yake fitar masa da kaya. Ya ce ba sa neman komai sai mai kawo magani a kan lokaci, da ɗaki ɗaya da marar lafiya zai kwanta ba a kore shi ba. Ina rubutu hawaye na ɗiga a kan takardar, ina jin haushin kaina da nake kuka.

An tambayi yawansu da bayanin kowane. Na ce ba zan sa sunan kowa ba, ya ce madalla. Sai na rubuta sana'a da gari: mai rumfar abinci daga Damagaram, tela daga Kano, mai wankin mota daga Tawa, mai aski daga Gaya, haka har bakwai. A ganina na suturta su. Ban tsaya na yi tunanin cewa a Gurda tela Bakano ɗaya ne ba, mai aski ɗan Gaya ma ɗaya.

Takarda ta uku ta jiƙe ta yi dabbare-dabbare, sai na kwafe a sabuwa. Ya ɗauki hotonta da waya ya tura, ya cusa ta a aljihu ya ce zai jefa a murhunsa.

"Sauran ukun fa?"

"Zan adana."

Ya fita. Na tsaya da takardu uku a hannu. Ba zan jefa a shara ba, da sunan Allah a kansu. In na hura wuta a tsakar gida da tsakar rana, mata za su tambaya. Na ce bari in ajiye zuwa gobe. Hannuna da kansa ya kai su inda ya saba, ramin da ke saman tagarmu. Washegari ƙaramin ɗana ya tashi da zazzaɓi, kwana uku ina kansa. Na manta sarai.

Ranar Juma'a ta biyu bayan haka, ina wanki, na ga tsohon yana bin bango da tsinkensa. Har na ce masa sannu da aiki, Baba. Sai da na gan shi tsaye a gindin tagarmu ya sa tabarau, kaskon yana hayaƙi a ƙasa shi kuma bai jefa komai ba, sannan na tuna da takardun. Ya ɗago ya dube ni. Ya sa takardun a aljihun rigarsa ya tafi masallaci.

Bayan an sauko Juma'a ya tara mazan unguwa a ƙofar gida ya karanta musu, yana fassarawa layi-layi, yadda ya saba yi wa 'yan makaranta. Ina jin muryarsa daga ɗaki. Da ya zo kan jerin sai mutane suka riƙa cika masa da kansu, wannan wane ne, wancan wane ne. Wani ya ce, "Shi ke mini aski!" Wani ya yi ta tofar da yawu yana cewa shekara biyu yana cin tuwon mai sida.

Maigidana ya shigo ya tsaya a kaina.

"Da hannunki?"

"Da hannuna."

"Kika sa Bismillahi a kan wannan ƙazanta?"

Na ce masa mantuwa ce, sabo ne. Ya ce da ma mantawa na yi da Faransancin. Bai dake ni ba, bai taɓa dukana ba, amma ya ɗauke tabarmarsa ya koma zaure, ya yi kwana goma sha wani abu bai ci abin da na dafa ba.

Da la'asar na fita ɗiban ruwa. Bakanuwar tana zaune a bakin famfo da sauran mata.

"A'a, ku matsa, ga sakatariyar 'yan daudu nan. Sannu da aiki, madam. Nawa Nasara ke biya, mu ma mu koyi boko?"

Wata ta ce, "Ki tambaye ta dai ko da kwano ɗaya suke ci."

Na cika bokitina. Ina juyawa na ji warin jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayar cuta da muke wanke banɗaki da shi. Bakanuwar ce ke zuba shi a kan famfon, tana gogewa da tsumma, tana kallona. Wannan matar ni na riƙe ta ranar da ta haihu, ni na wanke zannuwanta. Da yamma aka dawo mini da kwanukana biyu da ke ɗakunan maƙwabta, aka jere su a ƙofata wayam. A gidan nan ba a taɓa mayar da kwano wayam ba, ko dabino uku ne sai an sa. 'Yata ta dawo tana kuka, an ce kada kowa ya sake wasa da ita.

Na sami tsohon a ƙofar ɗakinsa yana jan carbi.

"Baba, me ya sa ba ka kira ni ba? Ina tsaye a gabanka. Ka ƙona kamar sauran mana."

"Na ƙona, 'yata. Bayan jama'a sun ji."

"Mutum bakwai ka kashe wa kasuwa. Wataƙila ba kasuwa kaɗai ba."

"Ni na rubuta?"

Na juya na koma ɗaki. Har yau in na tuna fuskarsa a lokacin, a natse, kamar wanda ya gama sallar nafila, sai in ji na ƙara tsanarsa. Na nemi gafarar Allah a kan ƙiyayyar da nake yi wa tsohon nan, ba sau ɗaya ba, kuma ba ta tafi ba.

Washegari da safe aka kifar da tukwanen Auta a rumfarsa, miyar ta malale har bakin titi. Leburorin da ke cin bashin tuwonsa suna cikin masu jifa. Telan aka tare shi a shagonsa aka fasa masa baki, aka jefar da kekensa waje. Mai wankin motar, wanda ke da mata da 'ya'ya a Tawa, wani ya kira surukinsa ya faɗa masa. Aka ce wasu sun tafi su gaya wa shurɗa. Kafin azahar su bakwai ɗin sun watse, wasu gonakin Samnu, wasu ban san ina ba. Auta da telan wani mai lambu ya ɓoye su a cikin dabinai a ƙauyen Gudwa.

Na kira wayarsa ya fi sau ashirin. A kwana na uku ya ɗauka.

"Kin adana, Yaya. Kin adana da kyau."

"Auta, wallahi..."

"Kar ki rantse. Na san ba da gangan ba ne. Da da gangan ne ma da ya fi mini sauƙi. Na ce ki rubuta, kin yi mini wa'azi. Na ce ki ɓoye, kin kai wa liman."

"Ba liman ba ne."

"Au, gyara mini za ki yi?"

Ya kashe. Na zauna ina jin haushinsa kamar in mutu. Shi ya kawo mini wannan aiki har ɗakina, shi ya zaɓi hanyar da ya zaɓa, ga shi ni ake zuba wa jabel. Can kuma sai in tuna ƙarar kwalbar nan.

Bai da sauran zama a Sabha. Magani yana Agadas, hanya kuma sahara ce, kwana nawa za a yi sai abin da Allah Ya yi, in mota ta lalace ko an tsare ta. Ranar da zai tashi ya aiko mini da saƙo. Na sami maigidana a zaure na ce masa ina so in je tasha. Ya daɗe yana kankare busasshen siminti daga farcensa. Ya ce, "Ki dawo kafin la'asar. Kada ki ce ni na ce."

Na soya masa gari da ƙuli, na ɗaure dabino a leda, na sa niƙabi don kada a gane ni. Na same shi a bayan wata mota ana ɗaura jarkoki. Ya naɗe kansa da rawani, ya sa wata tsohuwar rigar leburori. Ya rame. Bai yi mini ko ɗaya daga cikin kiraye-kirayensa na wasa ba.

Na ce, "Saura nawa?"

"Biyar."

"Ka ce mini goma sha ɗaya ranar nan a waya."

"Na bar wa telan shida. Ba zai iya hanya ba, haƙarƙarinsa ya karye."

Na ji jinina ya hau. Na ce masa naka ne, da sunanka aka bayar, wane ne tela, uwarku ɗaya? Ka mutu a sahara saboda wani ɗan iska, ni in ce wa mahaifiyarmu me?

Ya dube ni ta cikin rawanin. "Ɗan iskan nan shi ya yi jinyata wata biyu lokacin da mijinki ya ce kada in taka ƙofarku. Ki ce mata sana'a ce kawai. Kin saba."

Na miƙa masa ledar. Na ɗauka zai ƙi. Ya karɓa, ya buɗe, ya ɗanɗani garin, ya ce gishiri ya yi yawa, har yanzu ban iya ba. Direba ya yi kira. Ya hau can sama kan kaya, ya riƙe sandar da ake kafa wa fasinja, ƙafafunsa na reto. Na yi masa addu'ar tafiya a bayyane. Bai ce amin da baki ba, amma na ga ya shafa fuska.

Kwana tara ba labari. Na yi azumi uku a ciki. A kwana na goma saƙon murya ya shigo: ya isa Agadas, motarsu ta kwana biyu a rairayi da karyayyen ƙarfe, ƙwayoyin sun ƙare masa a hanya, amma ya je likita an mayar da shi kan magani, har an yi masa faɗa. Na yi sujada a tsakar ɗaki, 'yata tana tambayata ko lokacin salla ya yi.

Bayan wata guda ya turo mini hoton wata wasiƙa ya ce in fassara. Amsar Nasaran ce. Sun gode ƙwarai da ƙarfin halinmu. Labarin ya taɓa zuciyarsu. Don a ci gaba, suna buƙatar takardar rajistar ƙungiyar daga hukuma, da asusun banki da sunan ƙungiyar, da hoton membobin a tare, in da hali a wurin da suke taruwa. Na karanta sau biyu. Mutanen da ko takardar zama ba su da ita, su je hukuma su ce a yi musu rajista da wannan suna. Na fassara masa ta saƙon murya, ban rage komai ba. Sun sa na rubuta abin da na rantse ba zan rubuta ba, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta fito daga ciki ba.

Ya maido mini da dariya, doguwa, har da tari. Ya ce, "Ki ce musu membobi sun tafi yawon buɗe ido." Daga baya ya ce ya sami wata mata mai zuwa Sabha da kayan yaji, za ta riƙa kai wa telan abin da ya samu, kuma yana neman inda sauran biyar ɗin suka shiga. Ya ce akwai wata ƙungiyar kuma da aka ba shi labari, ko zan sake rubutawa. Na ce masa ya nemi wani. Bayan kwana biyu na ce ya turo tambayoyin.

Mai gidan hayar ya ba mu wa'adi, muka koma wani gida a can ƙarshen unguwa inda ba a san mu sosai ba. Maigidana ya dawo cin abincina, maganar kuma bai sake tayar da ita ba. Ra'ayina a kan rayuwar Auta bai sauya ba, ina roƙa masa shiriya a kowace salla, shi ma ya sani, yakan ce in ƙara da roƙon kada maganin ya yanke. Telan yana raye. Mai askin an ce ya haura Tarabulus. Mai wankin motar ya rasu a wata gona a Samnu, ma'aikatan gonar suka binne shi, sai bayan mako biyu labarin ya zo mana. A jerina shi ne na uku.